Muhawara: wace hanya ce ta fi sauri da aminci wajen yanke wutar batirin jirgin ruwa?

Baban Hauwa, Dadin Kowa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu aikin lantarki da kuma waɗanda suka daɗe a harkar ruwa. Jirgina na katako ne, injinsa Yamaha mai doki 40, irin mai kik, kuma batir ɗaya mai bolt 12 ne yake tayar da injin, shi ne kuma yake ba fitilar gaba wuta, da ɗan famfon da ke kwashe ruwan da ya shigo ciki. Batirin yana zaune a ƙarƙashin bencin baya, tankin mai kuma ba shi da nisa da shi.

Abu biyu ne suke damuna. Na farko, idan jirgi ya kwana biyu a bakin ruwa ba a yi aiki da shi ba, sai in tarar batirin ya yi sanyi har ba ya iya juya injin. Na biyu kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai: idan wata waya ta haɗu ta fara hayaƙi muna tsakiyar ruwa da mutane da kaya, ba ni da hanyar yanke wutar sai in laluɓo sifana mai lamba 10, in ɗaga benci, in durƙusa in kwance noti. Kafin a gama wannan duka, ai abin da zai faru ya riga ya faru. Wasu abokan sana'a sun ba ni shawara in bar kan batirin a sake, ta yadda da hannu kawai zan fizge shi. Hankalina bai kwanta da shawarar ba, shi ya sa na kawo maganar nan domin in ji daga masana.

Bappa Mai Fito, Nafada:

Wa alaikumus salam, Baban Hauwa. Abin da abokanka suka faɗa maka shi ne abin da yawancinmu muke yi a kan kogin Gongola, kuma ba jiya aka fara ba. Tun bayan da aka kammala madatsar Dadin Kowa a 1984, ruwa ya faɗaɗa, jiragen inji suka yawaita, nake ganin mutane suna dasa kan batir su ɗan murɗa shi da hannu ya kama, in an tashi cirewa a murɗa baya a zare. Wani ma yakan soka ƙaramar ƙusa tsakanin kan da dalmar don ya ƙara kamawa. Ban ce babu aibi a ciki ba, amma ina so masu ilimin abin su yi la'akari da halin da muke ciki. Mai fito ba ya yawo da akwatin kayan aiki, kuma sifana ita ce abu na farko da ke faɗawa ruwa. Duk hanyar da za a kawo mana, to ta kasance wadda yaron jirgi zai iya aiwatarwa a cikin duhu, da jiƙaƙƙen hannu, jirgi yana tangaɗi.

Hamma Mai Rewaya, Gombe:

Allah ya ƙara girma, Bappa. Sharaɗin da ka gindaya a ƙarshe shi ne ma'aunin gaskiya, kuma da shi za mu auna kowace dabara. Sai dai barin kai a sake bai cika sharaɗin ba, domin shi kansa yana daga cikin abubuwan da ke haddasa gobarar da ake gudu.

Kik ɗin inji yana jan wuta mai yawa a lokacin da yake juyawa, amfiya ɗari ko fiye (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya). Idan kan batir bai ɗaure ba, duk wannan wutar za ta matsu ta bi ta ɗan wurin da ƙarfe ya taɓa dalma, wurin kuwa sai ya ɗauki zafi nan take. A teburina na sha ganin batirin da aka kawo dalmar kansa ta narke ta zubo gefe ta daskare, robar da ke kewaye da ita ta yi baƙi ta kumbura, mai shi kuwa yana cewa batirin ne ba shi da kyau. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327 a ma'aunin Salsiyos, don haka duk kan da ka ga ya narke, to ka san irin zafin da ya ratsa shi a kusa da tankin manka. Bayan zafi kuma akwai tartsatsi. Duk lokacin da igiyar ruwa ta bugi jirgi, sakakken kai yana motsi, yana rabuwa yana komawa, kuma kowace rabuwa tana iya fitar da tartsatsi.

Game da sifana kuma, tunda har yanzu da ita kake aiki, Baban Hauwa, ka riƙe ƙa'ida ɗaya. Wajen cirewa a fara da baƙin kai, wato mai alamar ɗebewa, sannan jan kai mai alamar tarawa. Wajen mayarwa a fara da ja, baƙi ya zo ƙarshe. Dalili shi ne baƙar waya tana haɗe da gangar jikin inji. Idan ka ɗora sifana a kan jan kai alhali baƙin yana ɗaure, sai gindin sifanar ya taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da injin, to ka haɗa kawunan batirin biyu kai tsaye, kuma batirin zai zuba ɗaruruwan amfiya a cikin sifanar da ke hannunka. Masu sa zoben azurfa su riƙa cire shi kafin su taɓa batir, saboda zobe yana iya yin jajur a yatsa kafin mutum ya iya zare shi.

Maganin matsalarka shi ne makunni na musamman na batir, wanda ake murɗawa sau ɗaya wuta ta yanke gaba ɗaya, kawunan batir kuwa su zauna a ɗaure tamau.

Bappa Mai Fito, Nafada:

Na ji bayaninka, kuma maganar narkewar dalma gaskiya ce, don na ga irinta da idona. To amma akwai wani noti mai kunnuwa biyu da ake kwancewa da yatsu ba tare da sifana ba. Akwai kuma wani abu mai koren murfi da 'yan mota suke ɗaurawa a kan batir, in an murɗa murfin wuta ta yanke. Waɗannan biyun suna da sauƙin samu a wurin masu kayan mota, kuma ba sa buƙatar a yanka waya. Me zai hana mai jirgi ya wadatu da ɗayansu?

Injiniya, Bauchi:

Ina gaida Bappa da sauran 'yan uwa. Tambayar nan ta Bappa ita ce zuciyar maganar, don haka zan ɗan tsawaita a kanta.

Noti mai kunnuwa ba ya ɗauruwa da yatsu yadda notin sifana yake ɗauruwa, kuma girgizar inji tana sassauta shi a hankali, sai a wayi gari an koma matsalar sakakken kai ba tare da an sani ba. A Amurka akwai majalisar da ke tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jiragen ruwa, ana kiranta ABYC, kuma ƙa'idarta ta hana amfani da irin wannan noti a kan manyan wayoyin batir. Ƙari a kan haka, ko da ya ɗauru, kwance shi yana nufin ka sunkuya da fuskarka a kan batir, ka ja waya mai ɗauke da wuta, tartsatsi ya tashi a daidai wurin da bai kamata ba.

Me ya sa na ce wurin da bai kamata ba? Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, kuma wannan iska tana kamawa da wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin. A ƙarƙashin rufaffen benci tana iya taruwa. Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse, sai dai ya gangara ya kwanta a ƙasan jirgi, kuma yana kamawa tun daga kimanin kashi ɗaya da rabi cikin 100. A mota, iska tana ratsa ƙarƙashin inji ta kwashe shi. Jirgi kuwa kamar ƙwarya yake, duk abin da ya zuba a ciki yana nan zaune. Wannan shi ne bambancin da ya sa kayan da suka wadatar a mota ba lallai su wadatar a ruwa ba.

Mai koren murfin nan da Bappa ya ambata, da ɗan uwansa mai kama da wuƙa da ake ɗagawa, duka biyun ƙarfensu a buɗe yake. Suna yanke wuta, babu musu, amma suna yanke ta ne a fili, a kan batirin kansa. Danshi yana hawa kansu su yi kore, murfin yana sassautawa da girgiza, kuma har yanzu sai ka ɗaga benci kafin hannunka ya kai gare su. Ga motar da za a ajiye a gareji wata guda, abu ne mai amfani. Ga jirgi mai fetur da fasinja, ban yarda da shi ba.

Abin da ya dace shi ne makunnin murɗawa wanda aka rufe cikinsa, aka ƙera shi ta yadda tartsatsin da ke faruwa a ciki ba ya fitowa ya kunna tururin da ke waje, kuma masu ƙera na ƙwarai suna rubuta hakan a jikinsa ko a kwalinsa. Misali, ƙaramin makunnin kamfanin Blue Sea Systems mai jan murfi yana ɗaukar amfiya 300 a ci gaba da aiki, wanda ya wuce buƙatar inji mai doki 40 nesa ba kusa ba. Ban ce sai shi ba, na kawo shi ne don a san irin lambar da za a duba. A kula cewa lambobi biyu ake rubutawa, ɗaya ta abin da yake ɗauka na 'yan daƙiƙoƙi, ɗaya ta abin da yake ɗauka a ci gaba da aiki. Masu araha sukan buga babbar lambar a gaban kwali su ɓoye ƙaramar, alhali ƙaramar ce ta gaskiya.

Lissafi kaɗan zai nuna muhimmancin haɗi mai kyau. Idan wani haɗi, ko na kai ko na cikin makunni, yana da tirjiya ta kashi ɗaya cikin ɗari na om kacal (om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wa wuta hanya), kuma kik ya ja amfiya 150, to bolt ɗaya da rabi ya ɓace a wurin, kuma wat 225 na zafi yana fita a wuri mai faɗin farce. Shi ya sa inji yake yin nauyin tashi, a ɗora wa batir laifi.

Hamma Mai Rewaya, Gombe:

Madalla da wannan bayani, Injiniya. Amma akwai wurin da nake so mu daidaita, domin na san za a tambaye ni a wurin aiki. Mu a mota, idan za mu sa makunnin yanke wuta, a kan baƙar waya muke sa shi, bisa hujjar da na kawo ɗazu ta fara cire baƙin kai. Idan baƙin ya yanke, ko sifana ta taɓa jan kai da jikin inji babu abin da zai faru. A ganina wannan ya fi aminci ga mai gyara. Kai a wace waya kake ba da shawarar a sa shi a jirgi?

Injiniya, Bauchi:

A kan jar waya, Hamma, kuma ƙa'idar ABYC ma haka ta ce: a jar waya, kusa da batir gwargwadon iko, a wurin da hannu zai kai ba tare da an kwance komai ba. Sun wajabta shi ga batirin da ƙarfin tayarwarsa ya haura amfiya 800, amma amfaninsa bai tsaya ga manyan batura ba.

Hujjarka daidai take a jirgin da ke da batir ɗaya, kuma babu wata waya ko ɗaya da ke komawa baƙin kai sai ta cikin makunnin. Matsalar ita ce jirgi ba ya daɗewa a haka. Gobe wani zai zo ya ƙara fitila ko wurin cajin waya, ya ɗaura siririyar baƙar wayarsa kai tsaye a kan batir, ɗaya bakin kuma ya haɗu da sauran baƙaƙen wayoyi ko jikin inji. Daga ranar, makunninka ya daina yanke komai, ko da yana nuna a kashe. Mafi muni, idan aka murɗa kik a wannan hali, wutar kik ɗin gaba ɗaya za ta nemi hanyar komawa ta wannan siririyar wayar, ita kuwa sai ta kama da wuta. Idan makunnin yana kan ja, wayar da aka ƙara ta tsallake shi, abin da take ciyarwa kawai zai zauna da wuta, kuma ido yana ganinta a kan batir.

Sai dai a tuna cewa guntuwar wayar da ke tsakanin batir da makunni kullum tana ɗauke da wuta, babu abin da ke kashe ta. Saboda haka a taƙaita ta, a zura ta cikin tiyo, a ɗaure ta kada ta gogi ƙarfe ko bakin katako, a kuma rufe jan kai da murfin roba. Kaurinta kada ya gaza na wayar da ta zo da injin. Sauran ƙananan wayoyi, na fitila da makamantansu, kowacce ta sami fis a kusa da inda ta ɗebo wuta, kuma ƙa'idar ta ce cikin inci 7, wato kimanin santimita 18. Fis yana yanke wuta kafin hanci ya ji ƙauri, makunni kuwa sai mutum ya lura ya miƙa hannu. Wanda ya sa makunni ya bar fis ya yi rabin aiki.

Adda Maman Sadiya, Dadin Kowa:

Sallama ga kowa. Ni sana'ar kifi nake yi, kuma ina da jirgin da yara suke fita da shi. Damuwata ta sha bamban da ta Baban Hauwa. Mu ba ma barin batir ya kwana a bakin ruwa saboda masu ɗauke-ɗauke, kullum da yamma sai an cire shi an kai gida, da asuba a dawo da shi. Wannan cirewa da mayarwa ta cinye kawunan, sun siɗe har noti ba ya kama su. Akwai kuma ranar da aka mayar da shi cikin duhu aka juya wayoyin, abin da ke cajin batir a jikin injin ya ƙone, sai da aka sayo wani. Makunnin da kuke magana zai yanke wuta, amma ba zai sauƙaƙa mana ɗaukar batirin ba. Sannan akwai ƙaramin faifan sola da muka ɗora a kan rumfar jirgin. Ina neman shawarar da ta dace da halinmu.

Mai Sola, Bajoga:

Adda, abin da ya dace da ku shi ne filogin da ake kira Anderson, irin wanda ake gani a jikin wasu manyan inbata. Gida biyu ne na roba masu shiga juna. Ɗaya ana haɗa shi da gajerun wayoyi a ɗaure su dindindin a kan batir, ɗayan kuma a jikin wayoyin jirgi. Da yamma a ja shi ya rabu, a ɗauki batir a tafi, ba a taɓa noti ba. Babban alherinsa shi ne ba ya shiga a juye, don haka ko a cikin duhu ba za a sake juya wayoyi ba, muddin an haɗa shi daidai tun ranar farko. Yana da girma daban-daban. Mai lamba 50 na fitilu ne da ƙananan kaya, kada a ɗora masa kik. Ga injin da ke tashi da batir a nemi mai lamba 175. Ba a yi shi don ya jiƙa ba, saboda haka a ɗaure shi a sama, nesa da ruwan da ke kwanciya a ƙasan jirgi, a shafa wa bakinsa ɗan giris. Kuma ba ya maye gurbin makunni: a kashe makunni tukuna, sannan a zare filogi, don kada a raba shi wuta tana gudu a ciki.

Maganar sola kuwa tana da nata tsari. Kwanturolar caji, wato na'urar da ke tsakanin faifan sola da batir, ana fara haɗa ta da batir ne kafin faifai, wajen cirewa kuma faifai ake fara cirewa. Idan aka ɗauke batir aka bar faifai yana zuba mata wuta da rana, wasu kwanturololin suna lalacewa. Ku sa ɗan makunni a wayar da ta sauko daga faifan, ku koya wa yaran su fara kashe shi. Ga wanda batirinsa yake kwana a jirgi kuma, wayar kwanturola ta tafi kai tsaye kan batir da fis ɗinta, kada ta bi ta babban makunni, don batir ya ci gaba da shan caji ko an kashe komai.

Baban Hauwa, batun sanyin batirinka ma lissafi ne. Abin da ke jan kashi ɗaya cikin goma na amfiya kawai, kamar na'urar cajin waya da aka bari a jone, yana cin amfiya-awa 72 a kwana 30, kusan duk abin da batir mai lamba 75 yake ɗauke da shi. Batir mai ruwa da ya cika yana nuna kimanin bolt 12.6 a mita idan ya huta. In ka ga 12.2, ya kai wajen rabi, kuma yawan barinsa a ƙasa da haka yana rage masa kwana.

Baban Hauwa, Dadin Kowa:

Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu biyu. Idan na kashe babban makunni na tafi gida, famfon kwashe ruwa ma ya mutu ke nan, ga shi da damina ruwan sama yana cika jirgi cikin dare. Na biyu, idan wani abu ya faru muna cikin tafiya, misali mutum ya faɗa ruwa kusa da farfela, murɗa makunnin zai kashe injin nan take?

Hamma Mai Rewaya, Gombe:

Tambayarka ta biyu ita ce mafi muhimmanci a duk zaren nan, kuma amsarta a'a ce. Ina roƙon duk mai karantawa ya riƙe wannan da kyau.

Ƙananan injunan jirgi masu shan fetur haɗe da baƙin mai suna samar da wutar filoginsu da kansu, daga maganaɗisun da ke cikin faifan da ke juyawa a saman injin. Shi ya sa irinsu marasa kik suke tashi da igiya ba tare da batir ba sam. Batir aikinsa ya juya injin ya tashi, daga nan injin ba ya buƙatarsa. In ka murɗa makunnin batir injin yana aiki, farfela za ta ci gaba da juyawa kamar ba a yi komai ba. Abin da za ka samu kawai shi ne asara, domin wutar cajin da injin yake turawa ta rasa inda za ta shiga, ƙarfinta ya yi tsalle, ya ƙona abin da ke daidaita cajin, wato irin abin da ya ƙone wa Adda. A manyan injuna masu altaneta da kwamfuta ɓarnar ta fi haka tsada.

Abin da ke kashe inji nan take shi ne jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke maƙale a maɓallin kashewa. An yi ta ne don direba ya ɗaura a hannu ko a ƙafa, in ya faɗi ko ya fizge ta, injin ya mutu. Abin takaici, a jirage da yawa za ka tarar an naɗe ta a jikin hannun injin, ko ta ɓace an cusa tsinke ko guntuwar waya a madadinta. Wannan ya kamata a gyara tun kafin a je sayen makunni. Tsarin a lokacin haɗari shi ne a kashe inji da igiyarsa, sannan a murɗa makunnin batir, sannan a toshe hanyar mai. Mai batir biyu da makunni mai zaɓi tsakanin na ɗaya, na biyu ko duka, shi ma kada ya ratsa ta kan kashewa injin yana aiki.

Famfo kuwa, idan irin mai tashi da kansa ne in ruwa ya taru, a ba shi tasa wayar daga jan kai kai tsaye, da fis ɗinsa a kusa da batir. Shi kaɗai da kwanturolar sola ne ya kamata su tsallake babban makunni.

Bappa Mai Fito, Nafada:

Maganar jar igiya ta shige ni, domin ina ganin yadda ake wasa da ita. Zan ƙara abu ɗaya daga abin da na gani. Wani jirgi ya taɓa fara hayaƙi daga ƙarƙashin kaya yana dab da gaɓa. Mai shi yana da makunni, na kirki ma kuwa, amma an ɗaura shi a jikin akwatin batir, an kuma jibga buhunan masara a kai. Robar wayar tana narkewa tana ɗiga, ƙauri ya cika wurin, mata suna salati, shi kuwa yana ta fama da buhu. Allah ya kiyaye, ruwan bai kai ƙirji ba, mutane suka dira. Don haka ina ganin inda za a ɗaura shi ya kai ingancinsa muhimmanci. Injiniya ya ce kusa da batir, ni kuma ina cewa kusa da hannun direba. Yaya za a haɗa biyun?

Injiniya, Bauchi:

A jirgi irin na Baban Hauwa abin da sauƙi, Bappa, tunda direba a baya yake zama kuma batirin yana ƙarƙashin bencin baya. A huda allon bencin ta fuskar da ke kallon direba, jikin makunnin da wayoyinsa su kasance a ciki, murfin murɗawar kaɗai ya leƙo waje, a sama da inda ruwa yake kaiwa, kuma a ɓangaren da ba na tankin mai ba. Ta haka wayar ba ta yi tsawo ba, kaya ba za su danne shi ba, kuma direba zai same shi da lalube ba tare da ya saki hannun inji ba. Idan da hali a matsar da tankin zuwa ɗaya gefen, a kuma bar wa akwatin batir ƙofar shan iska ta sama, a ɗaure batirin da maɗauri don kada ya yi ta zamewa yana jan wayoyinsa.

A jirgin da batir yake nesa da direba akwai makunni mai aiki da maganaɗisu, wanda ake ɗaurawa a gefen batir a sarrafa shi da ɗan maɓalli daga wurin tuƙi, amma a zaɓi wanda yake da abin murɗawa da hannu a jikinsa. Irin mai jan makulli da ake zarewa yana da amfani wajen hana a tayar da jirgi ba da izini ba, sai dai ramin makullin yana shan ruwa idan an zare, don haka sai an rufe shi, makullin kuma a ɗaure shi da igiya.

Hamma Mai Rewaya, Gombe:

Baban Hauwa, idan za a yi aikin, a matse kawunan wayoyi da abin matsewa na gaske, kada a daddoke su da guduma. Ka kankare bakin wayar da za ka saya ka duba: in cikinta ya yi fari, alminiyon ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, ka bar ta. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan zafi da buroshi, a bari ya bushe, a ɗaure, sannan a shafa giris ko basilin a sama. Bayan an gama, ka tayar da injin, ka kashe, ka taɓa kowane haɗi da bayan yatsa. Wanda ka ji ya yi ɗumi, a kwance shi a sake. Daga nan ka kashe makunnin ka gwada fitila da kik, ka tabbatar babu wanda ya amsa, ka zuba ruwa a wurin famfo ka ga ya tashi.

Baban Hauwa, Dadin Kowa:

Na fahimta sarai. Zan sa makunnin a allon benci ta hannun dama, tankin ya koma hagu, famfo ya sami wayarsa da fis, jar igiyar kuma zan sayo sabuwa tun gobe in Allah ya kai mu. Hamma, ranar da zan shigo Gombe zan taho da tsohuwar wayar injin domin a auna kaurinta kafin a yanko sabuwa.

Hamma Mai Rewaya, Gombe:

Allah ya kawo ka lafiya. Ka auno tazarar da ke tsakanin jan kai da inda makunnin zai zauna da igiya, ka biyo da ita ta hanyar da wayar za ta bi, ka kuma ɗauko hoton kawunan batirin, domin jan kai ya ɗan fi baƙin kauri kuma batura ba girman kai ɗaya gare su ba.